Ina Ka Maƙala Mas, Maigida?

Duk wanda ya saba bin kasuwannin karkara tsakanin Tajaye, Illela da Ƙonni ya san mota ba ta rabuwa da mai walda. Yau salansa ta tsinke, gobe bodi ya tsage saboda lodin albasar Galmi ko simintin Malbaza. Sai a tsaya bakin titi a hau ƙyasta wuta, direba na kan benci yana shan shayi, wani lokaci har rediyon motar na kunne.

A zamanin Peugeot 404 da 504 an sha yin haka an kwana lafiya, don wutar motar ba ta wuce batir da fitilu da 'yan wayoyi ba. Hilux da Corolla na yanzu kuwa suna da kwamfuta, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwa. Batirin mota volt 12 ne, na'urorin da ke kai wa ƙwaƙwalwar rahoto da yawansu volt 5 kawai suke ci. Sandar walda mai kaurin milimita 3.2 kuma tana jan wajen amfiya 100.

Masu walda da dama sun koyi cire kan batir, ana fara da na baƙar waya, kuma daidai ne. Amma ni a ganina babbar ɓarnar tana wajen mas, wato wayar da wuta ke komawa injin walda ta cikinta. Wuta kamar ruwan damina take, duk inda ta samu hanya bi take. Idan ana walda a bayan mota, yaron shago ya maƙala mas a bamba ta gaba don nan ne kusa da hannunsa, to wutar sai ta ratsa motar kaf, ta bi siraran wayoyi, ta bi boris, ta taɓa alternato. A kankare fenti da tsatsa, a maƙala mas dab da wurin aiki, a kan ƙarfen da ake haɗawa. In aikin bai fi taƙi guda da rabi daga ƙwaƙwalwa ba, a zare fulogunta. Abin da zai kwantu, irin salansa, a kwance shi a yi a ƙasa. Zancen tankin mai kuwa, kowa ya san wannan ba wasa ba ne.

Laifin ba na mai walda kaɗai ba ne. Mu ne ke tsaye a kansa muna cewa “Maigida, yi sauri, fasinja na jira.” Kuma illar ba lallai ta bayyana a ranar ba. Sai bayan kwanaki mota ta daina cajin batir a hanyar Tawa, a zagi mai gyaran waya, a zagi wanda ya sayar da batirin, mai walda kuwa ko sunansa ba a ambata ba.