Gwiwar Ƙarfe: Abin Dubawa Kafin A Ƙarfafa Ƙafafun Gaba Na Motar Daji

Duk direban da ya saba hawan dutsen Mambila da damina, ko ratsa yashin da ke tsakanin Agadas da Dirku, ya san ba ƙarfin inji kaɗai ke mai da mota gida ba. A bayan kowace tayar gaba ta mota mai ja da ƙafa huɗu akwai wata gaɓa ta ƙarfe, wadda girmanta bai wuce ɗan ƙoƙo ba, makanikai na kiranta kan shaf. In ta fashe a cikin gari, abin bai wuce asarar kuɗi da ɓata yini ba. In kuwa a dokar daji ne, da mara lafiya a baya ko ruwan jarka ya kusa ƙarewa, to, magana ta zama ta rai. Shi ya sa masu irin waɗannan motoci suke yawan tambaya ko ya kamata su cire ta kamfani su sa wadda ta fi ta ƙarfi.

Kafin a amsa, wajibi ne a san aikinta. Tayar gaba ta motar daji aiki biyu take yi a lokaci guda, watau tana jan mota, tana kuma karkata duk inda sitiyari ya nufa. Sandan ƙarfen da ke kawo mata juyi daga tukunyar aksil miƙaƙƙe ne, ba ya lanƙwasa. Saboda haka tilas a sami wata gwiwa a tsakani, wadda za ta miƙa juyin ko da tayar ta karkace.

Gwiwar da ta fi daɗewa ita ce kuros, mai siffar ƙarafa biyu a gicciye. Wani masani na Ingila, Robert Hooke, ya yi nazarinta tun ƙarni na 17, sa'an nan Clarence Spicer ya fara ƙera ta domin motoci a Amurka a 1904. Tana da ƙwari da sauƙin gyara, amma tana da aibi guda. Idan ta karkace, juyin da take fitarwa ba ya tafiya bai ɗaya. A karkata ta digiri 30, sai ya ƙaru da wajen kashi 15 cikin 100, ya kuma ragu da wajen kashi 13, har sau biyu a kowane zagaye. Wannan shi ne fizgar da direba kan ji a hannunsa in ya karya sitiyari gaba ɗaya alhali ƙafa huɗu na ja.

Maganin wannan aibi ya fito daga wani injiniya na kamfanin Ford, Alfred Rzeppa, a 1926. Gwiwarsa ƙoƙo ce ta ƙarfe, a cikinta akwai ƙwallaye 6 da ke gudu cikin kwari, da keji mai riƙe su a jere. Duk yadda taya ta karkace, juyin da ya shiga shi ne ke fita, ba daɗi ba ragi. Kamfanin Birfield na Ingila ya kyautata ta, aka sa ta a ƙaramar motar nan Mini a 1959, sunan kamfanin kuwa ya bi ta har yau. Irinta ce ke ƙafafun gaba na Land Cruiser samfurin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, da samfurin 80 na 1990, da tsofaffin a-kori-kura na Hilux masu aksil guda a gaba.

To, me ke fasa ta? Da farko akwai nauyin da giya ke ɗora mata. A tsohuwar Hilux, giya ta ɗaya tana ninka ƙarfin juyin inji kusan sau 4, giyar ƙarfi ta ƙaramin sanda ta ninka shi sau 2.28, haƙoran aksil kuma su sake ninkawa fiye da sau 4. In aka haɗa, ƙarfin ya haura ninki 35 kafin ya isa tayoyi. Na biyu, gwiwar ta fi rauni sa'ad da aka karya sitiyari har ƙarshe, domin a lokacin ƙwallayen suna bakin ƙoƙo, inda ƙarfen ya fi siriri. Na uku shi ne bugu na farat ɗaya: taya tana ta wulwulawa a iska ko cikin taɓo, direba ya danne totur, sai ta dira kan dutse ta kama ƙasa kwatsam. In waɗannan uku suka haɗu, musamman wajen ja da baya, sai a ji ƙara kamar ta bindiga, keji ya tarwatse ko ƙoƙo ya tsage. Wani lokaci ɓaraguzan kan cushe har sitiyari ya ƙi juyawa.

Masu mota da kansu sukan ƙara wa gwiwar kaya ba tare da sun lura ba. Wanda ya cire taya mai tsayin inci 31 ya sa mai inci 35 ya ƙara mata nauyin kusan kashi 13 cikin 100, domin dogon maɗauki ya fi gajere murɗa ƙarfe. Wanda ya sa makullin aksil a gaba kuwa, ya yarda ke nan duk ƙarfin da ya kamata ƙafafu biyu su raba ya faɗa kan ƙafa ɗaya. Haka nan a Hilux ta zamanin nan, wadda kowace ƙafar gaba ke lilo ita kaɗai, ɗaga mota sama domin ado yana sa shaf ya zauna a karkace kullum, robar da ta rufe gwiwar ta yage da wuri.

Amma fa yawancin gwiwoyin da ke mutuwa ba bugu ke kashe su ba, sakaci ne. Ruwa ba ya tsami banza. A aksil guda, akwai wata 'yar roba da ke raba man tukunyar aksil da giris ɗin gwiwa. In ta ci, man ya kwararo ya narkar da giris, sai a ga baƙin kunu yana tsiyaya a bayan taya. Daga waje kuma, in shafin da ke share ƙwallon ƙafa ya tsufa, yashi da ruwan rafi su shiga, su zama tamkar dutsen wasa wuƙa. Alamar farko ita ce ƙas-ƙas da ake ji in mota na kwana a hankali. Gwiwar da ta kai wannan hali ba ƙarin ƙarfi take nema ba, gyara take nema.

Ga wanda ya tabbata lalle yana bukatar ƙari, hanyoyi biyu ne manya. Ta farko ita ce sauya irin ƙarfen. Ana ƙera gwiwoyi da shaf na musamman da wani ƙarfe mai lamba 4340, wanda aka gauraya da nikel da kuromiyam da molibdenam, akwai kuma mai suna 300M da ya fi shi. Fa'idarsu ita ce suna ɗan murɗewa su komo, maimakon su karye kamar rake. Kamfanoni irin su RCV na Amurka sun yi suna da wannan sana'a, haka kuma gwiwoyin da ake kira Longfield. Hanya ta biyu ita ce ƙara kaurin shaf da yawan tsagar da ke bakinsa. A tsohuwar Hilux akan tashi daga tsaga 27 zuwa 30, kamar yadda Land Rover da kansa ya bar tsaga 10 ya koma 24. In za a yi wannan, tilas a sauya gwiwa da shaf tare, domin ɗaya ba ya shiga ɗaya.

Sai dai akwai abin da mai sayarwa ba kasafai yake faɗa ba. Ƙarfafa gwiwa ba ya rage nauyin da ke bi ta cikinta, wurin karyewa kawai yake sauyawa. In gwiwa ta ƙi fashewa, nauyin sai ya wuce gaba ya nemi na biye da ita a rauni, watau haƙoran tukunyar aksil ko makullin cibiyar taya. Gwiwa kuwa ana iya zare ta a gindin bishiya, a toshe ramin, a lallaɓa zuwa gari da ƙafafun baya. Haƙoran aksil in sun zube, aikin gareji ne, kuɗinsa kuma ya ninka. Bugu da ƙari, ƙarfen da aka sassauta taurinsa domin ya jure bugu yakan fi saurin cinyewa, abin da ya kamata mai Land Cruiser 80 ya auna da kyau, tun da yawancinsu ƙafa huɗu ke ja dare da rana, har a kan kwalta.

Saboda haka hukuncin ya danganta da aikin mota. Motar asibiti, ko ta malamin gona, ko ta 'yan kasuwar ƙauye, wadda ke kan tayoyinta na asali, gwiwar kamfani ta gaske ta ishe ta, muddin ana kula da ita. Kuɗin da za a kashe kan ƙarfe na musamman gara a sayi robobi da boris sababbi, da giris mai molibdenam, watau baƙin nan mai santsi, da kuma gwiwa guda ta ajiya a naɗe cikin tsumma a ƙarƙashin kujera. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda kuwa ya riga ya sa manyan tayoyi da makullin aksil, yana kuma ɗaukar kaya kan duwatsu, shi ne ƙarin zai amfana, da sharaɗin ya sauya ƙafafun biyu tare, ya kuma sa a daidaita boris ɗin sama da na ƙasa na ƙwallon ƙafa, domin in suna girgiɗi sabuwar robar ma ba za ta daɗe ba.

A wajen saye, araha ba ta ado. Kasuwar kayan gyara cike take da jabu masu sheƙi cikin kwali mai kyau, ido kuwa ba ya gane irin ƙarfe. Mai saye ya nemi lambar kayan, ya ƙirga tsaga da hannunsa, ya gwada sabuwa da tsohuwa gefe da gefe kafin ya biya.

Daga ƙarshe, babu ƙarfen da ya kai ƙafar direba muhimmanci. Direban kirki yakan miƙe sitiyari kafin ya taka totur a wuri mai wuya, ya ɗaga ƙafa da zarar taya ta fara wulwulawa, ya rage iskar taya in ya shiga yashi, ya kuma cire ƙafa huɗu da ya hau kwalta in motarsa mai sawa da cirewa ce. Wanda ya riƙe waɗannan, gwiwar kamfani kan yi masa shekaru. Wanda ya ƙi, ko ta 300M ya sa, wata rana zai kwana a daji.