Jinkirin Samun Aiki Ba Hukunci Ba Ne A Kan Mai Nema

Ranar 15 ga Maris, 2014, matasa suka yi cikar ƙwari a filin wasa na ƙasa da ke Abuja da wasu filaye a sassan Najeriya, domin jarrabawar shiga aikin hukumar shige-da-fice. Guraben ba su kai 5,000 ba, masu nema kuwa sun haura rabin miliyan, kowa ya biya naira 1,000 kuɗin fom. Kafin rana ta faɗi turereniya ta yi ajalin aƙalla mutum 15. Ko da a ce adalci tsantsa aka yi a wannan ɗaukar, cikin kowane mutum 100 ɗaya ne kawai zai sami takardar kama aiki, sauran su koma gida hannu Rabbana, alhali a cikinsu akwai haziƙan da ba su da makusa. Wannan lissafin ne ya kamata matashin da ya shekara biyu ko uku yana yawo da kwalin digiri ya riƙe a ransa, domin abin da ke fara kashe masa zuciya, tun kafin talauci ya gama da aljihunsa, shi ne zaton cewa shi ne yake da wata nakasa.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin 100 na masu iya aiki ba su da aikin yi. A 2023 adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1, ba don an buɗe masana'antu ba, sai don an sauya ma'auni: wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ya zama mai aiki a kan takarda. Masaƙun Kakuri a Kaduna da yawancin kamfanonin Bompai da Sharaɗa a Kano, waɗanda suka ciyar da iyayen waɗannan yara, sun daɗe da zama kufai, jami'o'i kuma ba su fasa yaye ɗalibai ba. Wanda ya gane haka zai daina ɗaukar kowane shiru da ya biyo bayan intabiyu a matsayin mari.

Sai dai ganewa kaɗai ba ta tayar da mutum daga katifa. Daɗin baki irin na "komai zai yi daidai" ma ba ya wuce kwana biyu. Abin da ke riƙe ƙwarin gwiwa shi ne mutum ya wayi gari yana da inda ake jiransa. Zaman majalisa daga hantsi zuwa magariba, inda kowa ke ƙara wa ɗan'uwansa labarin wanda aka yi wa ƙwacen gurbi, guba ce mai ɗanɗanon shayi. Matashin da ke koyon gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano, ko yake tsare wa wani shago a Kantin Kwari, ko yake noman rani a Kadawa, ko budurwar da ke koyar da yaran unguwa darasin yamma, duk ba su fasa neman aikin da suka yi wa karatu ba. Kuɗin mota da na data suna fitowa daga guminsu, kuma ranar da mai ɗaukar aiki ya tambaya me aka yi tun bayan bautar ƙasa, suna da amsar da ba ta sa a sunkuyar da kai. Ayyuka da dama ma ta bakin mutane suke zuwa, mutane kuwa wanda suka ga hannunsa a kan aiki suke tunawa. Malamai sun sha faɗa mana cewa sai an ɗaure raƙumi ake tawakkali.

Wani zai ce duk wannan tatsuniya ce, aiki a ƙasar nan sai mai uwa a gindin murhu. Akwai gaskiya a ciki. A 2023 sai da Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin binciken sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya, aka kuma ji abin kunya. Amma cuwa-cuwar ta fi ƙarfi ne a aikin gwamnati, wanda dama ƙalilan yake ɗauka. Mai asibiti ko makaranta ko kamfani mai zaman kansa, da kuɗinsa yake biyan albashi, ba zai daɗe yana riƙe da ɗan lele marar iya aiki ba. Wani kuma zai ce kiran matasa su yi haƙuri wanke hukuma ne daga laifinta. Ko kusa. Mai neman haƙƙinsa a wurin shugabanni ya fi buƙatar zuciya mai rai. Wanda ya yanke ƙauna shi ake saye da taliya ranar zaɓe.

Saura iyaye da 'yan'uwa, waɗanda sau da yawa su ne ke ƙarasa abin da kasuwar aiki ta fara. Tambayar "har yanzu shiru?" a gaban baƙi, da kwatanta yaro da ɗan maƙwabci da ya sayi mota, ba su taɓa samar wa kowa aiki ba. Idan ɗanku ya dawo daga intabiyu fuska a murtuƙe, ku ba shi abinci tukuna, gobe ku tambaye shi ina kuma zai gwada.