A bar yaranmu su yi digiri na biyu a nazarin al'adu

Makon jiya bayan sallar la'asar wani ƙanena a unguwa, wanda ya gama digirin farko a Jami'ar Bangui, ya same ni da damuwa. Yana son tafiya Jami'ar Bayero ta Kano ya yi digiri na biyu a fannin ra'o'in tarke da nazarin al'adu. Da ya faɗa wa mahaifinsa, tsohon ya tambaye shi: "Wannan karatun, in ka gama, allura za ka yi wa mutane ko gada za ka gina?" Yaron ya rasa amsa. Ni ma a lokacin shiru na yi, domin tambayar Alhaji tana da nauyi. Amma na kwana da ita, ga kuma abin da nake gani.

Da farko, mene ne karatun? A taƙaice, koyon yadda ake bin diddigin kalma da hoto da labari ne, a gano wa ya ƙirƙiro su, wa suke yi wa aiki, wa kuma suke cutarwa. Fannin ya samu gindin zama a cibiyar bincike da aka kafa a Frankfurt ta Jamus a 1923, da kuma cibiyar Birmingham ta Ingila da Richard Hoggart ya kafa a 1964, wadda Stuart Hall, haifaffen Jamaika, ya jagoranta daga baya. Frantz Fanon ya yi nazarin abin da mulkin mallaka ke yi wa tunanin wanda aka mallaka. Edward Said, a littafinsa na 1978, ya nuna yadda Turawa suka zana wa Larabawa da Musulmi wata siffa, sannan suka yi mulki da ita. Maƙwabcinmu Achille Mbembe ɗan Kamaru ya rubuta kan yadda iko ke gudana a ƙasashenmu bayan samun 'yanci.

To, ina ruwan Kilomita Biyar da waɗannan sunaye? Ai mu muka fi kowa ruwa da su. Duk wanda yake nan ranar 5 ga Disamba 2013 da watannin da suka biyo baya ya san cewa kafin adda ta sauka, kalma ce ta riga ta. Bayan Seleka ta ƙwace mulki a Maris 2013 ta kuma yi ta'asar da ta yi, sai aka ɗora laifin a kan duk mai suna Musa ko Amadu. Aka ce mana baƙi, alhali kakannin da yawanmu a nan aka binne su. Ni kaina na taɓa zuwa wani ofishi neman takarda, aka nemi in kawo shaidar haihuwar iyayena, wanda ke gabana a layi kuwa ba a tambaye shi komai ba. Bambancinmu suna ne kawai.

Wannan rabon na ɗan ƙasa da baƙo yana da tarihi. Mahmood Mamdani na Yuganda ya yi littattafai a kai, ɗaya a 1996, wani kan Ruwanda a 2001, inda ya nuna yadda gwamnatin mallaka ta kasa mutane gida-gida, gwamnatocin bayan 'yanci kuma suka gaji rabon. Marigayi Yusufu Bala Usman na Zariya ya daɗe yana gargaɗi kan yadda masu neman mulki ke juya addini don biyan buƙatarsu. Yaron da ya karanta waɗannan da kyau, in ya ji ana zuga jama'a a rediyo ko a Facebook, zai gane salon tun kafin wuta ta kama. Mu malaman makaranta muna buƙatar irinsa, ko don ya duba mana littattafan tarihin da muke koyarwa, ya ga su wa aka ambata, su wa aka tsallake.

Masu adawa suna da hujja biyu, kuma ba na raina ko ɗaya. Ta farko ita ce ta Alhaji: abinci. Gaskiya ne, unguwar nan tana buƙatar likitoci da ungozomomi da injiniyoyi fiye da komai, kuma mai wannan digiri ba ya samun aiki cikin sauƙi. Ba cewa nake kowa ya tafi ba. Cikin yara ashirin, in ɗaya ya tafi ya isa. Shi ma ya shirya zama malami ko ɗan jarida, ya san ba hanyar arziki ya kama ba.

Ta biyu ta malamanmu ce: da yawan masu waɗannan ra'o'i almajiran Karl Marx ne, wasunsu ba su yarda da Allah ba. Haka ne. Shi ya sa nake cewa kada yaro ya tafi sai ya san addininsa, ya kuma riƙe malami. Amma bin diddigin labari ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun san wa ya faɗa, daga wa ya ji. Ibn Khaldun ya rubuta Muƙaddima a 1377 yana faɗakar da masu tarihi kan yadda son rai da kusantar sarakuna ke gurɓata labari. A Kano ma, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi shekaru yana nazarin finafinan Hausa da littattafan soyayya da irin waɗannan kayan aiki, kuma aikinsa ya amfani Hausawa.

Sai dai ina da sharaɗi biyu ga ƙanen nawa. Na farko, ya yi bincikensa a kan gida, ya kuma iya bayyana shi da Hausa da Sango. Na ga masu dawowa da manyan kalmomin Faransanci waɗanda su kansu ba za su iya fassara wa uwarsu ba. In Hajiya ba ta gane ba, kai ma ba ka gane ba.

Na biyu ya fi wuya: ya juya madubin ya kalle mu. Samarin da suka ɗauki makami da sunan kare unguwa, su ne suka koma karɓar kuɗi a hannun 'yan kasuwa, har aka yi artabu tsakaninsu a Disamba 2019. Kalmar kariya ce ta rufe mana baki shekaru. Mu ma muna da sunayen da muke kiran maƙwabtanmu Kirista da su in mun shiga ɗaki. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Mai nazarin da ba zai iya rubuta wannan ba, ya ɓata kuɗin mahaifinsa.

Ranar 30 ga Nuwamba 2015 Fafaroma Francis ya shigo Babban Masallacinmu, duniya ta ɗauki hoto, 'yan jarida suka rubuta labarinmu suka tafi. Har yau mafi yawan abin da ake karantawa game da Kilomita Biyar wasu ne suka rubuta shi. Gobe in Allah Ya kai mu zan je in gaida Alhaji, in roƙe shi ya sa wa yaron albarka.