Ra'ayinmu: Me Ya Sa Uwa Take Juya Baya?

Babu malamin firamare da bai san irin yaron nan ba. Ba ya iya zama a benci na minti biyar, ya doki wannan, ya fizge littafin wancan. Ko kuwa yarinyar da ta yi gum tun farkon zango, ko sunanta aka kira sai ta sunkuyar da kai. Mun yi tsawa, mun sa kamun kunne, wasunmu har bulala, abin bai sauya ba. Daga nan sai mu aika a kira uwa.

Da zarar mun ambaci likitan ƙwaƙwalwa, sai fuskarta ta sauya. Ta ce ɗanta ba mahaukaci ba ne, ƙiriniya ce. Ko ta ce kambun baka ne, an riga an karɓo rubutu. Sau da yawa ba ma sake ganinta.

Mun daɗe muna kiran wannan jahilci, kuma ba mu yi mata adalci ba. Ta fi mu sanin unguwarta. Ta san in aka gan ta riƙe da hannun yaro ta nufi Dawanau a Kano, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, labari zai riga ta komawa gida. Kishiya ta samu abin gori, dangin miji su ce daga tsatsonta aka gado, ranar da aka zo neman auren 'yarta kuma maganar ta taso. Ga kuɗin mota, ga izinin maigida, wanda galibi ba mu gayyata ba. A farkon 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma tsoron bakin mutane yana nan daram.

Mu ma da namu laifin. Mukan yi wa uwa magana a baranda, a gaban 'yan aji, mu laƙaba wa yaro sunan cutar da ba mu da ilimin ganowa. Alhali wani yaron ba ya ji sosai ne, wani ba ya ganin allo, wani kuma ƙaramar farfaɗiya ce ke ɗauke masa hankali na 'yan daƙiƙu. Likita kan fara da irin waɗannan, kuma ga ƙananan yara sau da yawa nuna wa iyaye dabarun tafiyar da yaro ake sa wa gaba kafin a zo batun magani. Addu'a kuwa ba wanda ya ce a bari.

Muna roƙon 'yan ƙungiya su riƙa rubuta abin da suka gani da kwanan wata, su keɓe da uwa, in da hali malama ta yi mata magana, a kira uba, a fara da asibiti mafi kusa. Muna kuma kira ga shugabannin reshe da su gayyato ma'aikacin lafiya zuwa taron iyaye da malamai na zango mai zuwa, a kuma sa taron a lokacin da mata za su iya fitowa.