A Fassara Wa Talaka Kalmomin Kotu

Tsakanin Illela da Birnin Konni 'yar tafiya ce kaɗan. Mutanen garuruwan biyu harshensu ɗaya, suna cin kasuwar juna, suna kuma auratayya. Amma ran da rigima ta kai mutum gaban shari'a, sai ya tarar dokar wannan ɓangare da Ingilishi aka rubuta ta, ta wancan ɓangare da Faransanci, a kotun Shari'ar Musulunci kuma kalmomin Larabci ne suka yi yawa. Falken da aka kama da kaya a bakin iyaka, idan aka tuhume shi da fasa-ƙwauri, Babbar Kotun Tarayya za a kai shi, inda ake magana da harshen da bai taɓa karantawa ba.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. A shekarar 2001 Babbar Kotun Shari'a ta Gwadabawa, maƙwabciyar Illela, ta yanke wa Safiya Husaini hukuncin jifa. A watan Maris na 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Sakkwato ta rushe hukuncin. Cikin dalilan da ta bayar akwai cewa abin da ake tuhumarta da shi ya auku kafin dokar ta fara aiki, kuma ba a bayyana mata laifin yadda ya kamata ba. Watau da ba a ɗaukaka ƙara ba, da rai ya salwanta a kan tuhumar da mai ita ba ta san nauyinta ba.

Kalmar da aka fi cutar talaka da ita ita ce beli. Mutane da yawa sun ɗauka kuɗi ne da ake biya a fanshi wanda aka tsare, wasu kuma na tsammanin da an ba da shi magana ta mutu. Alhali beli alkawari ne kawai: an saki mutum ya koma gida, bisa sharaɗin zai dawo ranar da aka sa, wani kuma ya tsaya masa. Idan ya gudu, mai tsayawar ne zai biya abin da aka ɗaure shi da shi. Belin da ake bayarwa a ofishin 'yan sanda kuwa kyauta ne, duk wanda ya karɓi ko sisi a kansa ya ci haram, ya kuma karya doka.

Haka nan sallama daban, wankewa daban. Wanda aka sallama don mai gabatar da ƙara ya janye, ana iya sake kamo shi a kan wannan magana. Wanda aka wanke bayan an ji shaidu, Tsarin Mulki na 1999 ya hana a sake gurfanar da shi a kan laifin, sai da umurnin kotu ta sama. Wanda aka kai gidan yari ajiya ma ba fursuna ba ne, jiran shari'a yake yi, ko da yake mutanen unguwa ba su cika bambantawa ba.

A kotun alƙali akwai i'izari, watau tambayar da ake yi wa mutum kafin a yanke hukunci, ko yana da sauran hujja. Da yawa sukan ce babu don kunya ko tsoro, ba su san ƙofa ta ƙarshe ce suka rufe wa kansu ba.

Doka ba ta bar wannan ga ganin damar kowa ba. Sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ce lalle ne a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa dalla-dalla da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta ba tare da ya biya ba. Amma tafinta ba zai ba da abin da ba shi da shi ba, muddin kowa na fassara yadda ya ga dama.

Saboda haka ya kamata Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Sakkwato ta haɗa alƙalai da lauyoyi da malaman Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su tsayar da fassara guda ga kowace kalma. A buga ta da boko da ajami, a manna a ƙofar kotuna da ofisoshin 'yan sanda, a kuma riƙa karanta ta a rediyo saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Illela, inda baƙi daga ƙetaren iyaka ke shiga kotu, nan ya cancanta a fara.