Keken Hannu Ma Na Tsere Ne

Duk kun san keken nan mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu, wanda mutanen da cutar shan-inna ta shafa ke hawa a titunanmu. To, ɗan'uwansa ne, mara nauyi kuma ƙasa-ƙasa, ake tsere da shi a gasar Olamfik ta nakasassu, tun wasannin 2004 a ƙasar Girka.

Wasan yana da ƙa'ida mai tsauri. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta kasa 'yan wasa gida huɗu. Rukunin H na masu keken hannu ne. Rukunin C na masu keke mai ƙafa biyu ne, kamar wanda ya rasa hannu ko ƙafa ɗaya. Rukunin T na masu keke mai ƙafa uku ne, waɗanda ba sa iya daidaita jikinsu a kan mai ƙafa biyu. Makafi kuwa suna rukunin B, a keke mai mazauni biyu: mai gani na gaba yana riƙe da kan keke, su biyun suna tuƙawa. Ƙwararru ne ke gwada kowa kafin a ba shi rukuni, don wanda ya fi atisaye ya yi nasara, ko da larurarsa ta fi ta wani.

Alex Zanardi, ɗan Italiya mai tseren mota, ya rasa ƙafafunsa biyu a hatsarin tsere a Jamus a 2001. Da ya koma keken hannu, ya ci zinare biyu a Landan a 2012, ya ƙara biyu a Riyo a 2016. Sarah Storey ta Birtaniya, wadda aka haifa hannunta na hagu bai cika ba, ta fara da ninƙaya, ta koma keke a 2005. Bayan wasannin Faris na 2024, zinarenta a wasannin biyu ya kai 19.

Mu kuma fa? Ranar wasannin gidaje a makarantunmu, ɗalibin da ke murza keke kullum daga gida zuwa aji, cikin rana da yashi, yana gefen fili yana kallo. Damtsensa ya fi na yawancinmu ƙarfi, amma ba wanda ya taɓa auna gudunsa da agogo.

Ba sai mun jira kekunan Turai masu tsada ba. Misbahu Lawan Didi, ɗan Kano, da katako mai tayoyi ya ƙirƙiro ƙwallon guragu, kuma wasan ya bazu a Najeriya.

Ga aikinku na wannan mako. Ku fara tambayar abokan naku ko suna so, domin wasan nasu ne. In sun amince, ku je tare wurin malamin wasanni ku roƙi a sa tseren mita 100 na keken hannu. A samu wuri mai laushi, a duba birki, a sa hular kwano, a haɗa masu larura iri ɗaya. A rubuta lokacin kowa, makin ya shiga lissafin gidansa, kyautar kuma ta zama daidai da ta sauran masu gudu.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku rubuto mana yadda kuka yi da malamin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.