Littattafan Aljanu da na Rushewar Duniya: Mu Karanta ko Mu Bari?



Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu a ƙasa-ƙasa, kuma lokaci ya yi da za a fito da ita fili. Da yawa daga cikin matasanmu na Gyadi-Gyadi da Tarauni suna karanta littattafan al'ajabi, masu cike da aljanu da matsafa da dodanni. Suna kuma karanta labaran bayan rushewar duniya, inda annoba ko yaƙi ke cinye jama'a ya bar 'yan tsiraru suna faɗa a kan ruwa da abinci. Wasu da Turanci suke karantawa, wasu da Hausa, wasu kuma sauraro suke yi a waya. Duk wanda ya saba shiga kasuwar waya ta Farm Centre ya san da kuɗi kaɗan za a cika masa waya da irin waɗannan labarai. Amma da zarar mama ko fasto ya matso, sai ka ga an kife wayar. Iyaye suna tsoron kada 'ya'yansu su ɗebo ruwan dafa kansu, 'ya'yan kuma sun koyi ɓoyo. Wannan ɓoyon shi ya fi damunmu, domin yaron da ya saba ɓoye littafi yau, gobe zai ɓoye abin da ya fi littafi.

Ga ra'ayinmu a taƙaice. Mai bi zai iya karanta waɗannan littattafai, ya ji daɗinsu, lamirinsa bai zarge shi ba. Sharaɗin shi ne ya riƙa auna kowane labari da tambaya ɗaya: wane irin mutum labarin nan yake so ya mai da ni ranar da wahala ta zo?

Mu fara da gida. Labarin al'ajabi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kafin mu iya karanta baƙi, kakanninmu sun ba mu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da Dodo mai cin mutane, kuma ba wanda ya tashi da safe ya tafi neman Dodo don ya bauta masa. A 1933 aka shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a Zariya a ƙarƙashin Rupert East. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda aka buga a 1934, shekara biyu kacal bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Dukansu biyu akwai aljanu a ciki. Daga baya Ahmadu Ingawa ya rubuta Iliya Ɗan Maiƙarfi, a 1969 kuma Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda aka kai yaro yawo sararin samaniya. A nan Kano, marubuta irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini da Nazir Adam Salih sun cika kasuwa da littattafan yaƙi da na ban al'ajabi. Iyayenmu da yawa sun karanta Magana Jari Ce a firamare, da akunsa mai ba da labari, suka fito suka zama dattawan ikkilisiya da shugabannin Zumuntar Mata.

Maganar Allah kanta ba ta ƙyamar ƙagaggen labari. A Littafin Alƙalawa sura 9, Yotam ya ba mutanen Shekem labarin itatuwa da suka fita neman sarki. Zaitun da ɓaure da inabi duk suka ƙi sarautar, ƙaya ta karɓa. Itace ba ya magana, amma duk wanda ya ji labarin ya gane Abimelek ake nufi. Annabi Natan bai tunkari Sarki Dawuda da zargi kai tsaye ba. Labarin matalauci da 'yar tunkiyarsa ya ba shi a 2 Sama'ila 12, har sarki ya yanke wa kansa hukunci da bakinsa. Ubangijinmu ya koyar da misalai. Daniyel da abokansa sun yi shekara uku suna koyon harshe da littattafan Babila, ƙasar masu duba da matsafa. Inda suka ja layi shi ne abincin sarki da sujada ga gunki. Bulus kuma, da ya tsaya a Atina a Ayyukan Manzanni 17, ya kafa hujja da maganar mawaƙan Helenawa, alamar cewa ya san abin da suka rubuta.

To, ina batun littattafan da aka ƙona a Afisa? Wannan hujja ce da ake yawan kawowa, kuma ta cancanci amsa. Ayyukan Manzanni 19 ta nuna masu sihiri ne da suka tuba suka kawo littattafan sana'arsu, waɗanda kuɗinsu ya kai azurfa 50,000, suka ƙona da hannunsu. Kundin aikin tsafi ne, irin wanda boka ke buɗewa ya ga abin da zai haɗa. Maimaitawar Shari'a 18 ta haramta duba da sihiri da neman shawarar matattu, kuma wannan hanin yana nan daram. Amma akwai tazara tsakanin yin tsafi da karanta labarin da matsafi ya fito a ciki. In ba haka ba, da sai mu tsallake labarin matsafan Fir'auna da na mai duba ta Endor. Mu Kanawa mun ma ga iyakar abin da wuta za ta iya yi wa littafi. A watan Mayun 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta ƙona littattafan hikaya na Hausa a bainar jama'a. Karatun bai tsaya ba. Cikin 'yan shekaru ya koma cikin waya, inda idon uwa da na malami ba ya kaiwa.

Wasu daga cikin fitattun littattafan al'ajabi ma masu bi ne suka rubuta su. John Bunyan ya fara The Pilgrim's Progress yana kurkuku a Ingila saboda wa'azi, aka buga shi a 1678, cike da ƙattai da dodanni. J. R. R. Tolkien, ɗan Katolika, ya taimaka wa abokinsa C. S. Lewis ya ba da gaskiya ga Kristi a 1931. Lewis ya rubuta littattafan Narnia guda bakwai tsakanin 1950 da 1956, inda zaki Aslan ya ba da ransa a madadin yaron da ya ci amanar 'yan'uwansa. A The Lord of the Rings na Tolkien, zoben da ke ba da iko a kan kowa ba a yarda ko mutanen kirki su yi amfani da shi ba, sai dai a kai shi wuta a hallaka. Kuma tausayin da aka nuna wa wani wulaƙantaccen halitta, a lokacin da kashe shi ya fi sauƙi, shi ne ya ceci kowa daga ƙarshe. Matashin da ya karanta wannan ya ji a jikinsa abin da muke faɗa a makarantar Lahadi game da jinƙai.

Duk da haka, tsoron iyayenmu ba na banza ba ne. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Akwai 'yan'uwa a cikinmu da gidajensu suka fito daga bori da tsafi ba da daɗewa ba. Sun ga girka da idonsu, sun san abin da aka sha kafin a rabu da tsumbura da layu. A wurinsu kiran sunan iska ba wasa ba ne. Romawa 14 da 1 Korantiyawa 8 sun koya mana kada 'yancinmu ya zama sanadin tuntuɓen ɗan'uwa. In littafi yana tayar maka da tsohon tsoro, ko yana sa ka sha'awar gwada abin da ka karanta, ajiye shi, kuma kada wani ya yi maka dariya. Akwai kuma littattafan da dodon cikinsu ba shi ne matsalar ba. A Game of Thrones na 1996 da na bayansa cike suke da batsa da fyaɗe, haka wasu labaran Hausa da ake turawa a WhatsApp shafi-shafi. Wannan ba ya bukatar doguwar muhawara, Filibiyawa 4:8 ta riga ta faɗi irin abin da ya kamata tunaninmu ya zauna a kai. Sai kuma ɓarawon da ba a ankara da shi, wato lokaci. Wanda ya kai ƙarfe biyun dare a kan labari, ya zo sujada yana gyangyaɗi, ko jarrabawar JAMB na gabansa bai buɗe littafin makaranta ba, labarin ya zama ubangidansa.

Inda muke so mu fi tsayawa shi ne labaran rushewar duniya, domin mu a wannan yanki ba a littafi kaɗai muka san su ba. Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 bama-bamai suka tashi a wurare da dama a Kano, har da Farm Centre a nan Tarauni. Fiye da mutum 150 suka mutu, Musulmi da Kirista, aka sa dokar hana fita. A Afrilun 2020 kullen korona ya rufe kasuwa da majami'a da masallaci, Titin Zariya ya yi tsit kamar an share. A farkon 2023 mutum na da kuɗi a banki amma ya rasa takardar naira da zai sayi garin kwaki. Mun ɗanɗana yadda gari yake idan abin da aka dogara da shi ya tsaya. Shi ya sa waɗannan labarai suke kama mu, kuma shi ya sa darasinsu ke shiga zuciya da sauri.

Da yawa daga cikinsu darasi ɗaya suke maimaitawa: ka tara abinci, ka nemi makami, kada ka yarda da kowa, wanda ba naka ba abokin gāba ne. Ga matashi Kirista da ke zaune tsakiyar maƙwabta Musulmi, wanda wataƙila ya taso yana jin labarin rikice-rikicen baya, wannan darasi guba ne mai zaƙi. Yana ciyar da tsoron da ya riga ya kwanta a zuciya, har ka fara kallon mai shagon layinku da ɗan adaidaita-sahun da ke kai ka coci kamar mutanen da za su juya maka baya ranar da gari ya rikice. Amma mu tuna wa ya ba mu bashin shinkafa lokacin kulle, wa ya bar mu muka ɗebi ruwa a rijiyarsa, wa ya karɓi alkawarinmu lokacin da babu tsabar kuɗi. Basamariyen da Yesu ya ba da misali da shi a Luka 10 ba ɗan majami'ar wanda aka yi wa fashi ba ne.

Akwai kuma littattafan wannan fanni da suka san haka. A The Road na Cormac McCarthy, wanda ya fito a 2006, uba da ɗansa suna tafe cikin toka da yunwa, uban yana zargin duk wanda suka gamu da shi, yaron kuma yana ta roƙo a ba wani tsoho abinci. A The Hunger Games na 2008, yarinyar ta miƙa kanta a madadin ƙanwarta don shiga gasar da ake kashe yara. Irin waɗannan wurare ne ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu: da ni ne, abincin zan ɓoye ko zan raba?

Abu ɗaya kuma da za mu kiyaye: kada mu ɗauki koyarwar ƙarshen zamani daga ƙagaggen labari, ko da Kirista ne ya rubuta shi. Jerin Left Behind da ya fara fitowa a 1995 ya bi fahimta ɗaya ce game da fyaucewa, alhali masu bi na gaskiya sun sha bamban a kan wannan. Harold Camping na Amurka ya sa ranar 21 ga Mayun 2011, mutane suka sayar da dukiyarsu, ranar ta zo ta wuce. Matiyu 24:36 ta riga ta rufe ƙofar sa rana. Ru'ya ta Yohanna kuwa an aika ta ne daga tsibirin Batmos zuwa ga ikkilisiyoyi bakwai masu shan tsanani, domin a ƙarfafa su. Akwai macijin nan babba da bisashe da annobai a cikinta, fiye da na kowane littafin al'ajabi. Amma ba ta ƙare da mutum ɗaya riƙe da bindiga a kan kango ba. Ta ƙare da birni mai buɗaɗɗun ƙofofi, da kogi, da itacen da ganyensa ke warkar da al'ummai, Allah kuma yana zaune tare da mutanensa. Wanda ya san wannan ƙarshen zai iya karanta labarin rushewar duniya ya rufe littafin ya yi barcinsa.

Don haka muna roƙon iyayenmu da shugabanninmu: maimakon ƙwace waya, ku tambayi yaro abin da yake karantawa, ku bar shi ya ba ku labarin. A cikin minti goma za ku gane abin da ke burge shi, ko jaruntaka ce ko mugunta. Mu matasa kuma, mu daina kife waya. Littafin da ba za mu iya faɗin sunansa a gaban fasto ba, mu tambayi kanmu dalili. Muna ba da shawara zumuntarmu ta ware yamma ɗaya a wata, kowa ya zo da labarin da ya karanta, na Hausa ko na Turanci, mu buɗe Littafi Mai Tsarki a gefensa mu auna shi tare. In labarin ya motsa mu da tausayi, kada tausayin ya ƙare a shafi. Asibitin Malam Aminu Kano yana nan kusa da mu, cike da mutanen da tasu duniyar ta rushe a makon nan, kuma ziyara da kwanon abinci ba sa bukatar jarumi mai takobi.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai ne ka ba mu tunani da son labari. Ka ba mu hikimar rarrabe abin da ke gina mu da abin da ke rushe mu. Ka cire mana tsoron gobe da zargin maƙwabci, ka sa ranar wahala ta same mu da hannu a buɗe. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.